Tsakanin Kano Da Jidda: Nisa Nawa Ne?

Kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato, akwai wata tambaya da takan yawaita a bakin maniyyata a sansanin alhazai, watau shin tsakanin Kano da Jidda nisa nawa ne? Wani yakan ce tafiyar sa'a huɗu ce, wani ya ce biyar. Wanda ya sauke farali a 2023 kuwa sai ya ce shi dai abin da ya gani ya zarce haka. Abin mamaki shi ne dukansu gaskiya suka faɗa. Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana nan inda take a bakin Bahar Maliya, amma nisan da jirgin sama ke ci tsakaninsu yakan ƙaru, yakan kuma ragu. A wannan mako wannan fili zai duba dalilin haka, domin magana ce da ta shafi aljihun talaka kai tsaye.

Abin da ma'auni ya nuna

Idan aka auna daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ta hanya mafi gajarta, za a sami kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100 da 'yan kai. Matuƙan jirage suna da nasu ma'aunin da suka gada daga matuƙan jirgin ruwa, wanda ake kira mil na teku. Tsawonsa mita 1,852 ne, saboda haka a lissafinsu tafiyar ba ta wuce mil 1,850 ba. Jiragen zamani da ke jigilar alhazai sukan ci kimanin kilomita 850 a sa'a guda idan sun daidaita a sama, can wajen ƙafa 35,000 daga ƙasa. Idan mai karatu ya raba 3,400 da 850 zai sami sa'a huɗu cif. In ya ƙara lokacin hawa da na sauka, da ɗan jiran da akan yi kafin ma'aikatan hasumiya su ba jirgi izini, sai tafiyar ta kama sa'a huɗu da rabi ko kusa da biyar.

Akwai kuma abin da yakan ruɗa sababbin matafiya, watau bambancin agogo. Ƙasar Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'a biyu. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi sa'a huɗu da rabi a sama, zai sauka Jidda agogon can yana nuna ƙarfe 4:30 na asuba. Wanda bai gyara agogonsa ba zai ce 2:30 ne, wanda kuma ya dubi takardar tafiya kaɗai sai ya ɗauka sa'a shida da rabi aka yi.

Har wa yau, nisan ya danganta da garin da aka tashi. Daga Maiduguri zuwa Jidda kusan kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato kimanin 3,700, daga Ikko kuwa wajen 4,200. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Alhazai ta Ƙasa takan kasa kuɗin kujera shiyya-shiyya: maniyyatan Maiduguri da Yola su biya mafi ƙanƙanta, sauran jihohin Arewa su bi baya, na Kudu su biya mafi yawa. Wanda ya ga haka ya zaci son kai ne, to ya duba taswira.

Hanya mafi gajarta ba miƙaƙƙiya ba ce a kan takarda

To, amma ita ma taswirar sai an yi hattara da ita. Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta ta tsakiya kilomita 40,075 ne, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Duk wanda ya taɓa ɓare lemo ya nemi shimfiɗa ɓawon a faranti ya san ba ya shimfiɗuwa sai ya yage ko ya miƙe. Irin taswirar da aka fi rataya a makarantu ta samo asali ne daga wani masani mai suna Gerardus Mercator, wanda ya fitar da ita a 1569 domin amfanin matuƙan jirgin ruwa. Ta yi musu amfani ƙwarai, sai dai tana kumbura ƙasashen da ke can arewa da can kudu. A kanta tsibirin Girinlan yakan yi kamar ya kai Afirka girma, alhali kuwa Afirka ta ninka shi sau 14.

Mai son ganin gaskiyar magana sai ya sami ƙwallo ko duma, ya ɗiga alama biyu nesa da juna, ya ɗaura zare a kan ɗaya, ya ja shi ya yi tsam zuwa ɗayar. Inda zaren nan ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Idan aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe kamar baka. Shi ya sa fasinjan da ke kallon allon da ke cikin jirgi yakan yi zaton matuƙi yana zagaye, alhali kuwa yanke yake yi.

Idan aka ja irin wannan zare daga Kano zuwa Jidda, zai fita ta gabas da ɗan karkata arewa. Zai ratsa Jigawa da Yobe, ya taɓa kusurwar Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, ya wuce arewa da Tafkin Cadi, ya keta ƙasar Cadi, ya shiga arewacin Sudan, ya haye Kogin Nilu kusa da Dongola, kana ya faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci, domin da shi ake fitar da alƙibla. Alƙiblar Kano tana kan daraja 68 ne daga arewa in an juya wajen gabas, kusan daidai da inda jirgin Jidda ke sa gaba. Tun wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya tura masana filin Sinjar a Iraƙi suka auna tsawon daraja guda ta doron ƙasa. Bayansa da shekaru kusan 200 Albiruni ya auna girman duniya daga kan wani tsauni da ke ƙasar Pakistan ta yau, ya kuma rubuta hanyoyin gane nisa da alƙibla tsakanin birane. Abin da kwamfutar jirgi ke lissafawa yanzu cikin ƙiftawar ido, tushensa na nan cikin irin waɗannan ayyuka.

Lokacin da ake auna nisan da shekaru

Kakannin masu karatu sun san wannan hanya da tafin ƙafarsu. Mahajjacin da yakan fita Kano ya bi ta Barno, ya shiga Wadai, ya yada zango a Abeshe, ya wuce Alfashir ta ƙasar Darfur, ya bi ta El Obeid har Omdurman, daga nan ya nufi Sawakin ko Port Sudan ya nemi jirgin ruwa. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago damina ɗaya ko biyu kafin ya ci gaba. Akwai wanda yakan fita da jariri a goye ya komo da shi ya zama saurayi. Da yawa kuma ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sennar, alal misali, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa da ya tashi zuwa Hajji a 1921, ta Ikko ya bi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya nufi Jidda. Ya ninka nisan hanya sau da dama, amma ya riga mai tafiya a ƙasa isa.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano ta wannan tsohuwar hanya ta mahajjata suka zo. A ƙarshen Oktoba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka yi ta yada zango ta Sudan da Cadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, ana tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri har Masar.

Nisa ne ya ɗaukaka filin jirgin Kano. Jiragen wancan zamani ba sa iya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa kudancin Afirka a tashi guda, saboda haka wanda ya ƙetaro hamadar Sahara dole ya sauka Kano ya sha mai. Kamfanoni irin su KLM da Sabena da BOAC duk sun mai da Kano zango a shekarun 1950. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta bisa ba tare da sun sauka ba, cinikin ya bi su. Nisan da ya kawo wa Kano kasuwa, injin zamani ne ya cinye shi.

Yau abin ya kai inda jirgin kamfanin Singapore Airlines kan tashi daga Singafo ya sauka New York ba tsayawa, kimanin kilomita 15,300 cikin sa'a 18 da wani abu. Wannan ya fi tafiyar Kano zuwa Jidda sau huɗu. A 1947 kamfanin Qantas kwana huɗu yake yi tsakanin Sydney da Landan, yana yada zango a Darwin da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus. A 2018 kamfanin nan ya fara tashi daga Perth zuwa Landan kai tsaye cikin sa'a 17.

Rabon iska

Abu na biyu da ke canza tsawon tafiya shi ne iska. Can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi, musamman a sararin Turai da Amurka da arewacin Afirka lokacin sanyi. Jirgin da ya bi ta tana tura shi, wanda ya fuskance ta kuwa tana danne shi. Tsakanin New York da Landan kimanin kilomita 5,500 ne ko ta ina aka auna, amma mai zuwa Landan yakan yi sa'a bakwai, mai komawa New York ya yi kusan takwas. A watan Fabrairu na 2020, lokacin wata guguwa, wani jirgin British Airways ya yi wannan tafiya zuwa Landan cikin sa'a 4 da minti 56. Saboda haka kafin kowane tashi akan duba rahoton yanayi a zaɓi hanyar da iska za ta taimaka, ko da ta ɗan fi tsawo a ma'auni.

Bugu da ƙari, ba a zuba wa jirgi man da zai kai shi inda za shi kaɗai. Ƙa'ida ta tilasta a ƙara wanda zai kai shi wani fili na dabam idan sauka ta gagara, da kuma na ajiya wanda zai riƙe shi minti 30 a sama. Mutanen Arewa sun san dalili, domin hazon hunturu ya sha hana jirage sauka. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda zai kai su Ikko aka karkatar da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Tun daga tashi har sauka, babu kilomita ɗaya da ake wasa da ita a wannan sana'a.

Sama ma tana da iyaka

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi a 'yan shekarun nan, shi ne zaman lafiyar ƙasashen da ke ƙarƙashin hanya. Mutum yakan ɗaga kai ya ga sama fetal, ya ɗauka ba mai ita. A dokar duniya kuwa tana da masu ita. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya mai mazauni a Montreal, ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Jirgi ba ya ratsa ƙasa sai da izini, kuma akan biya kuɗin wucewa gwargwadon nauyinsa da nisan da ya ci. An kasa sama yanki-yanki, kowane yanki da cibiyar da ke ba jirage hanya. Yankin da ya rufe Nijeriya da sunan Kano aka san shi a takardun matuƙa na duniya. Na Nijar da Cadi kuwa hukumar ASECNA ce ke kula da su, wadda aka kafa a 1959, mai hedkwata a Dakar.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Wannan ya zo ne ana saura makonni kaɗan a fara jigilar maniyyatan Nijeriya, waɗanda a shekarar aka ba su kujeru 95,000. Mai karatu ya tuna da zaren nan da aka ja ɗazu. Babban rabonsa a kan Sudan ya kwanta. Da aka toshe nan, sai ya zama jirgi ya zagaya ta arewa ya shiga ta Masar, ko kuwa ya gangara kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya bi ta wajen Uganda da Kenya da Habasha kafin ya juyo arewa. Kowace aka ɗauka akwai ƙarin mai, da ƙarin kuɗin wucewa, da ƙarin sa'o'in aikin ma'aikata. Ga shi kuma duk man da aka ƙara nauyi ne, wanda kan rage yawan kayan da jirgi zai ɗauka. Kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. A jirgi guda mai ɗaukar mutum 400, wannan ya kama dala 100,000. Manomin da ya sayar da shanunsa a Maigatari ko Mai'aduwa, ya shekara biyar yana tari, ga shi yaƙin da ake yi a wata ƙasa, wanda bai san mafarinsa ba, ya biyo shi har cikin guzuri.

Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Ranar 6 ga Agusta sojoji suka rufe sararin ƙasar, ya zauna a rufe kusan wata guda. Da yake Sudan a rufe take, Libiya kuma kamfanoni da yawa sun daɗe suna gudunta, sai aka wayi gari an gitta wani dogon shinge a tsakiyar Afirka. Jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya ko kudancin Afirka suka koma zagaye ta yamma ko ta gabas. A Turai ma an ga irin wannan. Bayan yaƙin Yukren ya tashi a Fabrairun 2022, Rasha ta rufe samanta ga jiragen ƙasashen Yamma. Tafiyar kamfanin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo, wadda da sa'a tara ce da 'yan mintuna, ta koma kimanin sa'a 13, har wani lokaci ta ƙuryar arewacin duniya ake bi.

Abin da ya kamata matafiyi ya sani

Masu zuwa Umara da 'yan kasuwa su ma suna da nasu lissafin. Wanda ya yanki tikitin da zai sauya jirgi a Alƙahira zai ci kimanin kilomita 3,100 daga Kano, ya ƙara 1,200 zuwa Jidda, jimla 4,300. Wanda ya bi ta Addis Ababa zai ci wajen 4,700. Sau da yawa irin wannan tikiti ya fi na kai tsaye araha, domin kamfani yana tara fasinjoji daga garuruwa da dama ya cika jirginsa a cibiya guda. Arahar tana da farashinta, watau zaman jira a filin jirgi, wani lokaci har kwana. Saurayi mai ƙarfi zai jure. Mai tafiya da tsohuwa ko maras lafiya kuwa ya kamata ya tambayi wakilin da ke sayar masa da tikiti abu uku kafin ya biya: ta ina za a bi, sa'a nawa za a yi a sama, sa'a nawa kuma za a zauna a zango.

Hukumomin alhazai na ƙasa da na jihohi su ma akwai abin da ya rataya a wuyansu. Idan aka ƙara kuɗin kujera saboda an tsawaita hanya, haƙƙin maniyyaci ne a gaya masa da harshen da yake ji, a rediyo da wuraren bita, hanyar da aka bari da wadda aka koma, da abin da bambancin ya ci. Ranar da gajeriyar hanya ta buɗe kuma, ya kamata a ga ragin a cikin lissafi kamar yadda aka ga ƙarin. Jama'a sun saba ganin farashi ya hau da dalili, amma ba su saba ganin ya sauka ba bayan dalilin ya kau.

Ga shugabanni kuwa, darasin a fili yake. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rikicin Sudan ko na Nijar ko na Cadi ba labarin nesa ba ne ga mutumin Kano ko Maiduguri, tun da ta kansu hanyarsa ta gabas ta bi tun zamanin ayari, ta kansu kuma ta bi a zamanin jirgi. Duk ƙoƙarin sulhu da Nijeriya za ta sa hannu a ciki a waɗannan ƙasashe, tana yi wa 'ya'yanta aiki ne, har da tsohon da ke zaune a sansanin alhazai da jakarsa yana jiran a kira sunansa.

Saboda haka idan aka sake tambayar mai karatu nisan Kano da Jidda, amsar ita ce kilomita 3,400, tafiyar sa'a huɗu da rabi, matuƙar iska ta yi daidai kuma maƙwabta suna zaune lafiya. Allah ya zaunar da ƙasashen nan lafiya, ya kai matafiya inda suka nufa, ya komo da su gida cikin iyalansu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai rai.